Allurar Zazzaɓin Cizon Sauro: Aikin Likitan Da Ya Zauna A Zariya

  

Yau maganar zazzaɓin cizon sauro za mu yi. Na san wata za ta ce, to mene ne sabo a ciki, abin da muka tashi da shi tun muna goye? Bari ki ji abin da ya kawo maganar.

Wata damina na je gaisuwar rasuwa a wani gida cikin birni, can wajen gindin Dala. Yaro ne ɗan shekara biyu da 'yan watanni. Ranar Talata jikinsa ya yi zafi, aka aika kemis aka sayo maganin ruwa aka ba shi, zafin ya sauka, ya tashi har ya yi wasa. Daren Alhamis sai ya fara taune-taune, idanu suka kakkafe. Kin san lungunan cikin gari, mota ba ta shiga. Kafin uban ya saɓo shi zuwa bakin titi, a samu mai adaidaita, a kai asibiti, an ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Bai kai asuba ba.

Muna zaune a ɗakin uwar, sai wata matashiya ta ce ita fa ta ji a rediyo an samo allurar rigakafin wannan zazzaɓi, da ma ta zo da wuri. Wata dattijuwa da ke jan carbi a gefe ta ɗago kai ta ce, "Allura kuma, 'yar nan? Mu da muka ga abin da aka yi wa yara a Asibitin Zana?" Ɗakin ya yi tsit. Ni dai da na fito na yi ta juya maganar, don a ganina duk su biyun suna da hujja. Ita yarinyar tana tsoron cuta, ita Hajiya tana tsoron magani. Wannan ya sa na ce bari in bi diddigin allurar nan in ji daga ina ta fito, su wa suka yi aikinta, a kan 'ya'yan wa aka gwada ta. Da na bi, sai hanya ta kai ni Zariya, nan kusa da mu.

Akwai wani likita Bature ɗan Ingila, sunansa Brian Greenwood, zan riƙa ce masa Girinwud don sauƙin baki. An haife shi a 1938. Ya fara zuwa Najeriya a 1965, ya yi aiki a asibitin koyarwa na Badun. A 1970 ya dawo ƙasar nan, wannan karo Zariya, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello take kafa makarantar likitoci, asibitin kuwa yana Tudun Wada. Shekara goma ya yi a can. Ba shi ya haɗa allurar da muke magana a kai ba, kada in ba shi abin da ba nasa ba. Amma da wuya ki taɓa wani abu da muke kare yaranmu da shi daga sauro yau, gidan sauro mai magani ne, maganin damina ne, ko ita allurar, ba ki tarar da hannunsa a ciki ba.

A Zariya cuta biyu suka ɗauke masa hankali: zazzaɓin cizon sauro da damina, sanƙarau da bazara. Iyayenmu sun san yadda sanƙarau yake yi a wancan zamani. Zafi na tsananta sai asibiti ya cika, har a kwantar da mutane a ƙasa da gindin bishiyoyi, ga shi maganin sai an yi ta yi wa mutum allura sau da yawa a rana, ma'aikata kuma ba su isa ba. Shi da abokan aikinsa suka gwada wata allura mai maiƙo wadda take daɗewa a jiki, suka ga guda ɗaya tana iya warkar da yawancin masu cutar. An buga sakamakon a 1979, kuma cikin likitocin da suka yi aikin har da ɗan Kano, Dokta Sadiq Wali. Shekaru da yawa bayan nan da irin wannan allura aka riƙa tarar annobar sanƙarau a ƙasashen bakin hamada.

Wani abin da suka gano a Zariya shi ne zazzaɓin cizon sauro yana raunana garkuwar jikin yaro. Sun lura yaron da ke fama da shi, ko wanda bai daɗe da tashi ba, in an yi masa wata rigakafin, jikinsa ba ya karɓarta da ƙarfi kamar na mai lafiya. Ke nan wannan zazzaɓi da muke rainawa muna ce masa "ɗan zazzaɓi ne", ba shan jini kaɗai yake yi ba, ƙofa yake buɗe wa wasu cututtukan.

A daidai waɗannan shekaru kuma akwai wani babban bincike da ake yi a ƙasar Kano, ba na Girinwud ba ne, amma ya kamata ki sani. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun zauna a ƙauyukan Garki, wadda yanzu take jihar Jigawa. Aka yi ta feshin maganin sauro a ɗakuna, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba wa kowa da kowa magani. Zazzaɓi ya ragu sosai. Da aka daina, sai ya dawo. Har gobe masana na duniya suna komawa ga littafin binciken Garki, don shi ya nuna musu cewa a irin ƙasarmu makami ɗaya ba ya kayar da sauro.

Mu 'yan cikin birni ba sai an yi mana dogon bayani ba. Da ƙasar da aka haƙa aka gina gidajenmu da ganuwa, ramukan suka zama kududdufai. An cike da yawa an yi gini a kai, ruwan kuma bai sami hanya ba, sai ya kwanta a lungu. Amma ga wani abu da mutane ba su cika sani ba. Sauron da ke kawo wannan zazzaɓi ya fi son ɗan ruwan sama mai haske da ya kwanta a rana, kamar sawun taya, ramin bulo, ko gurbin da aka ɗebi ƙasa. Na baƙar kwata yawanci wani iri ne daban, mai hana barci da kuka a kunne. Macen ce take cizo, kuma tsakar dare ta fi yin aikinta, lokacin da yaro ya yi nisa a barci.

A 1980 Girinwud ya bar Zariya ya koma Gambiya, ya shugabanci cibiyar binciken lafiya da Ingila take da ita a can har shekara goma sha biyar. A nan ne aka yi gwajin gidan sauro mai magani. Gidan sauro dai daɗaɗɗen abu ne, kakanninmu ma sun san shi a kan gadon amarya. Sabon abin shi ne a tsoma shi a maganin da ke kashe sauro. Aka tsoma gidajen sauron wasu ƙauyuka a maganin, aka bar wasu, aka riƙa ƙirga yaran da suka rasu a kowane ɓangare. Sakamakon da ya fito a 1991 ya nuna mutuwar yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu ta ragu da fiye da rabi a ƙauyukan da aka tsoma nasu a maganin. Da gwamnatin Gambiya ta faɗaɗa abin zuwa ƙasa baki ɗaya, raguwar ta tsaya wajen kashi 25 cikin 100. Su kuma ba su ɓoye ba, suka rubuta haka. Ki tuna da wannan duk ranar da kika ga gidan sauron da aka raba miki an kewaye shukar tumatir da shi, ko an rufe kaji.

Yanzu ga wurin da ni na fi ganin girman mutumin nan. Wajen ƙarshen shekarun 1980 wani masani ɗan ƙasar Kolambiya, Manuel Patarroyo, ya fito da wata allura da aka sa wa suna SPf66. Duniya ta ɗauka, jaridu suka ce an gama da zazzaɓin cizon sauro. Cibiyar Girinwud ta gwada ta a kan jarirai sama da 600 a Gambiya. A 1995 suka fito suka ce allurar nan ba ta kare yaran ba. Shekaru na wahala, kuɗi masu yawa, ga duniya ta zuba ido, amma suka ce ba ta yi ba, aka ajiye ta. 'Yar'uwa, ni a wurina mai binciken da ya taɓa cewa "wannan bai yi ba" shi ne wanda zan saurara ranar da ya ce "wannan ya yi". Mai tallan magani a bakin Kurmi da lasifika, kin taɓa jin ya ce maganinsa ya gaza?

Me ya sa allurar wannan zazzaɓi ta yi wuyar samu, alhali ta ƙyanda tun tuni aka samu? Dalili shi ne ƙwayar cutar mai sauya kama ce. In sauro ya ciji yaro, yakan zuba masa ita a jini, cikin ɗan lokaci ta wuce hanta ta ɓuya. A can take hayayyafa wajen mako guda, yaro na wasansa ba alamar komai. Sai ta fito da wata kama daban ta auka wa jini, tana shiga ƙwayoyinsa tana fasa su. A nan ne zazzaɓi da rawar ɗari suke farawa, a nan ne jini yake ƙarewa. Jiki na koyon gane ta da wannan riga, sai ta sake wata. Dabarar masu allurar ita ce a tare ta tun a bakin ƙofa, a koya wa jiki ya gane rigar da take shigowa da ita kafin ta kai hanta.

Allura ta farko da ta yi nasara ita ce RTS,S, wadda kamfanin GSK ya haɗa a 1987 tare da masu binciken lafiya na sojan Amurka. Ki riƙe shekarar nan, 1987. A 1998 aka gwada ta a Gambiya a kan manyan maza wajen 300. Ta kare su, amma na 'yan watanni, sai kariyar ta dusashe. A 2004 aka sami sakamakon gwajinta a kan yara wajen 2,000 a Mozambik, ƙarƙashin wani likita ɗan Sifen, Pedro Alonso, wanda shi ma a aikin gidan sauro na Gambiya ya goge. Daga 2009 zuwa 2014 aka yi babban gwaji a kan yara sama da 15,000 a ƙasashen Afirka bakwai. Yaran da suka sami allura huɗu, zazzaɓinsu ya ragu da kashi 36 cikin 100 a tsawon shekara huɗu. Ba wani adadi ne mai burgewa ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yi gaggawa ba. Ta ce a fara da ƙasashe uku, Gana da Kenya da Malawi, a 2019, a sa ido a gani. Yara sama da miliyan biyu suka karɓa, aka ga mutuwar yaran da suka isa yin allurar ta ragu da kashi 13 cikin 100. A watan Oktoba na 2021 hukumar ta amince da ita. Daga 1987 zuwa 2021, shekara 34 ke nan. Yarinyar da aka haifa ranar da aka fara aikin, ta yi aure ta aurar da ƙanne kafin a gama.

Shi kuwa Girinwud, da ya koma Landan a 1996, bai saki ƙasashenmu ba. Yana cikin waɗanda suka dage a kan wata dabara mai sauƙi: tunda a bakin hamada yawancin zazzaɓin cikin wata uku zuwa huɗu na damina yake zuwa, me zai hana a ba yara magani duk wata a wannan lokacin tun kafin su kamu? Aka gwada a Senegal, Gambiya, Mali da Burkina Faso, aka ga yana aiki, hukumar ta amince a 2012. A Najeriya, Katsina aka fara a 2013. Shi ne maganin nan da 'yan mata masu riguna da jaka suke bi gida-gida da shi da damina, su ba yaro ɗan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 na farko a gabansu, su bar miki na kwana biyu. Na san gidajen da ake karɓa a jefa kan firji. Wata ta ce min yaronta lafiyarsa ƙalau, me zai yi da magani? To ai ma'anar ke nan, uwargida, mai lafiyar ake ba.

Daga nan sai ya zo da tambayar da ta fi shafarmu. In aka yi wa yaro allurar gab da damina, aka kuma ba shi maganin damina, me zai faru? Shi da masana na Mali da Burkina Faso, cikinsu har da Farfesa Alassane Dicko na Bamako, suka bi yara wajen 6,000 tsawon shekara uku a yankunan Buguni da Hunde. Daminarsu irin tamu ce, gero da dawa suke ci kamar mu. Aka kasa yaran uku: wasu allura kaɗai, wasu magani kaɗai, wasu duka biyun. Sakamakon ya fito a 2021. In aka kwatanta da masu shan magani kaɗai, yaran da suka haɗa biyun, kwanciya asibiti saboda zazzaɓi mai tsanani da kuma mutuwa daga gare shi sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Lokacin da aka buga wannan aiki mutumin ya haura shekara 80.

Allurar da aka kawo Najeriya ita ce ta biyu, ƙanwar waccan, sunanta R21. A Jami'ar Okusfod ta Ingila aka haɗa ta ƙarƙashin Farfesa Adrian Hill, amma wanda ya jagoranci gwajin da ya fito da ita baƙin mutum ne ɗan'uwanmu, Farfesa Halidu Tinto na Burkina Faso. A garin Nanoro ya gwada ta a kan yara 450, aka sami kariya har kashi 77 cikin 100 a shekarar farko. Aka sake gwadawa a kan yara 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya. A wuraren da zazzaɓin yake bin damina aka sami kashi 75. Hukumar NAFDAC ta amince da ita a watan Afrilu na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a Oktoban shekarar. A Indiya ake sarrafa ta. A Disamban 2024 aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa, da shirin a bi sauran jihohi daki-daki. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu da 'yan watanni, sun fara tasu a Satumban 2024 a Gaya, ba tamu ta nan Kano ba, tasu ta jihar Doso.

To mu dawo kan maganar Hajiya mai carbi, don ba maganar da za a share ba ce. A 1996 an yi annobar sanƙarau da ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 ne, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, bai amsa laifi ba. Aka yi ta shari'a har 2009, sannan ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ba wanda zai zo ya ce wa mutanen Kano tsoronsu jahilci ne.

Sai dai mu faɗi ɗaya ɓangaren ma. Wannan tsoro yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba a dawo ba sai tsakiyar 2004. A tsakanin nan cutar ta yaɗu, ta tsallaka har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da ta shanye wa ƙafa a lokacin, yau magidanta ne, muna ganinsu a kan kekunansu. Sai a 2020 aka tabbatar ainihin ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Najeriya. An cuce mu ta hanyar gwaji, mun kuma cutu ta hanyar ƙin karɓa. Dukansu 'ya'yanmu ne suka biya.

Ni abin da nake gani shi ne mu koyi tambaya. In an zo miki da wani abu za a sa wa ɗanki, haƙƙinki ne ki ce, mene ne sunansa? Gwaji ne ko an gama gwaji? NAFDAC ta amince? Me zan gani a jikinsa bayan an yi, ina zan kai shi in na ga abin da ban gane ba? In bincike ne ake yi, dole a yi miki bayani da Hausa, a nemi yardarki da ta mahaifinsa, kuma kina da ikon cewa a'a ba tare da an hana ɗanki magani ba. Ma'aikaciyar da ta san aikinta ba za ta ji haushin tambaya ba. In ta yi miki tsawa, ki nemi shugabar wurin. A nan ne bambancin yake. Abin da ya faru a 1996 cikin 'yan makonni aka yi shi aka tafi. Wannan kuwa shekara talatin da ɗoriya ana yi, an rubuta inda ta yi da inda ta gaza, kuma likitocin Afirka ne suka tsaya a kan gwajin a garuruwansu.

Me ke cikin allurar? Babu ƙwayar cuta mai rai a ciki, don haka ba za ta sa wa yaro zazzaɓin cizon sauro ba. Ɗan ɓangaren rigar ƙwayar ne aka kwaikwaya, aka ɗora shi a kan sinadarin da ake yin rigakafin ciwon hanta da shi, wadda dama ana yi wa jariranmu tun ranar haihuwa. Sai aka ƙara wani sinadari mai zaburar da garkuwar jiki, wanda ake samu daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile. Bayan an yi, jikin yaro kan iya yin zafi kwana ɗaya ko biyu, wurin allurar ya ɗan kumbura. Kaɗan daga cikin yara zafin kan sa su jijjiga. In kin ga haka, asibiti za ki nufa.

Guda huɗu ce. Tsarin Najeriya shi ne wata 5, wata 6, wata 7, sai ta huɗu a wata 15, lokacin da ake komawa ƙyanda ta biyu. Ta huɗun nan ita ake yawan mantawa, don yaro ya fara tafiya, wataƙila ma uwa ta sami wani cikin, katin ya shige ƙarƙashin katifa. Alhali kariyar raguwa take yi, ta huɗun ce take sake ɗaga ta. Duk ranar da kika kai yaro rigakafi a asibitin unguwarku, ko Hasiya Bayero, ko Murtala, ki tambayi ma'aikaciya maganar allurar zazzaɓin cizon sauro da lokacin da ɗanki zai same ta, ki kuma adana katin nan kamar yadda kike adana sarƙar gwal.

Kada kuma wata ta ce an yi wa ɗana allura, ta naɗe gidan sauro. Yaron da aka yi wa zai iya kamuwa, raguwa abin yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 597,000 wannan zazzaɓi ya kashe a 2023, kuma cikin kowane goma, uku 'yan Najeriya ne, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Abu mai wannan girma hannu ɗaya ba ya ɗaukarsa. Gidan sauro kowane dare, ko ana zafi, ko a tsakar gida aka kwana. Maganin damina duk wata har a gama zagayen, kwana ukun nan cif. Mai ciki ta je awo ta karɓi nata maganin kariyar. Ota-fiya-fiya da ake fesawa a rufe ɗaki da yara a ciki kuwa, don Allah a bari, guba ce.

In jiki ya yi zafi, a yi gwajin jini a ranar, ɗan tsinken nan na yatsa minti goma sha biyar ne zuwa ashirin. In ya nuna, a ba da maganin kwana uku a shanye shi duka, ko da yaro ya warware a rana ta biyu. Na san muna da tazargade da siracen darbejiya. Abin sha'awa ma, daga wata ciyawa ta ƙasar Sin dangin tazargade aka ciro maganin da ake ba mu a asibiti, kuma mace ce ta gano shi, Tu Youyou, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma na asibiti an auna shi daidai da nauyin yaro, na tukunya kuwa ba mai iya ce miki ga yawan abin da ke ciki. Maganin sauke zafin jiki shi ma zafin kawai yake saukarwa, ƙwayar tana nan tana cin jini. Abin da ya yaudari gidan da na je gaisuwa ke nan.

Alamomin da ba a kwana da su a gida: yaro ya ƙi nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi taune-taune, barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai, numfashi ya yi sama-sama, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat. Ko ƙarfe biyun dare ne a fita. Kuma tun da rana, tun kafin damina ta sauka, ki zauna da maigida ku yi shawara: in abu ya taso cikin dare wa za a buga wa ƙofa, wane mai adaidaita ne a unguwa za a kira, ina aka ajiye ɗan kuɗin mota. Mazan da ke saurarenmu ta bayan labule, na san kuna nan, wannan naku ne. Ku bar wa matanku izinin fita asibiti tun kafin ku tafi kasuwa.

Na koma gidan nan na gindin Dala bayan wata bakwai, suna ne ya mayar da ni, uwar yaron ta haifi mace. Hajiya mai carbi tana nan a gefenta, ita ce ma take riƙe da jaririyar. Na ba ta labarin Zariya da Gambiya da allurar da aka gwada aka ce ba ta yi ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To, in lokacin ya yi ni zan raka su, ni zan yi tambayar da bakina." Na ce Hajiya, haka ake so.

Lokaci ya ƙwace mana. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko da wasiƙarta kamar yadda aka saba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko maganar zazzaɓi ga mai juna biyu, da dalilin da ya sa cikin fari ya fi shan wahalarsa.